Darasi Na 9: Ciwon Zuciya Na Gado

Bayan sallar isha'i a Shara Mansur, nan Makka, wani matashi ya tambayi ƙanin mahaifinsa, "Baffa, Baba yana da shekara nawa ya rasu?"

Baffa ya yi shiru, ya ƙirga da yatsu. "Allah ya jiƙan Yaya, bai cika 50 ba. Ƙirjinsa ya riƙe, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa."

Irin wannan tambaya likita zai yi maka. Idan ciwon zuciya ya kama mahaifinka ko ɗan'uwanka na jini kafin shekara 55, ko mahaifiyarka ko 'yar'uwarka kafin 65, to kai ma sai ka sa ido. Ciwon kan riga kama maza kafin mata.

Me ake gada? Akwai wani maiƙo a jini mai suna kolestarol. Hanta ke kwashe shi. Wasu ana haifarsu da hantar da ba ta kwashe shi sosai, kusan mutum 1 cikin 250. Sai maiƙon ya riƙa liƙewa a jijiyoyin zuciya tun ƙuruciya, kamar datti a bututun ruwa, har ya toshe hanya. Ba sai mai ƙiba ba. Siriri ma yana da shi. In uba yana ɗauke da shi, kowane ɗa ko ya gada ko ya tsira, rabi da rabi ne. In uwa da uba duk suna da shi, abin da auren zumunci kan jawo, ciwon na iya tasowa tun yaro bai balaga ba.

Wani lokaci ana ganin ƙullutu a agara, ko ɗigon rawaya a fatar ido. Amma yawanci shiru ne, gwajin jini kaɗai ke tona shi.

Akwai magani, ƙwayar statin, ana sha kullum. Taba da shisha kuwa, ga mai irin wannan gado, zuba fetur ne a wuta.

In ƙirji ya yi nauyi, zafi ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi, a kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa a Saudiyya, kada a tsaya jiƙa magani.

Aiki: Rubuta sunayen iyayenka da 'yan'uwanka. Gaban kowane, rubuta shekarun da ciwon zuciya ya same shi, in ya taɓa. Ka tafi da takardar wurin likita.