Yadda ake haddasa kumburin hanji a jikin ɓeraye domin bincike

Ɗalibin likitancin dabbobi da ke son nazarin kumburin hanji mai daɗewa, irin wanda ke sa karnuka da kyanwoyi gudawa da rama har tsawon makonni, ba zai fara gwada magani a kan dabbobin jama'a ba, shi ya sa ake soma aikin da ƙananan ɓerayen ɗakin bincike. Hanyar da ta fi dacewa da ɗalibanmu na jami'ar KNUST da ke Kumasi a Ghana, a ganina, ita ce ta sinadarin DSS (dextran sulfate sodium) da ake sa wa ɓeraye a ruwan sha, wadda Okayasu da abokan aikinsa suka bayyana a 1990. Akwai ta wani sinadari mai suna TNBS, inda ake ɗura sinadarin ta dubura bayan an sa wa dabbar maganin barci, akwai kuma ɓerayen da aka cire wa ƙwayar halittar IL-10 mai rage kumburi a jiki, sai dai ta TNBS tana bukatar gwanin hannu, ɓerayen IL-10 kuwa sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Kada a taɓa ɓera ko ɗaya sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji ya amince. Daga nan a zaɓi ɓeraye jinsi ɗaya masu kimanin mako 8, a bar su su saba da kejinsu na mako guda, a kuma ware rukunin da zai sha ruwa zalla domin kwatantawa. Nau'in ɓeran da ake kira C57BL/6 ya fi nau'in BALB/c saurin kamuwa da cutar.

Ana narkar da DSS mai nauyin 36 zuwa 50 kDa (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari) a ruwan sha, kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, na kwana 5 zuwa 7, ana sabunta haɗin duk bayan kwana biyu. A nan ne ya kamata mai aiki a Kumasi ya buɗe ido, domin yawan sinadarin da ɓera ya samu ya danganta ne da yawan ruwan da ya sha. Idan aka ɗauke wuta da rana a watan Maris, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ƙishirwa za ta sa ɓerayen su sha fiye da yadda aka tsara, sai cutar ta tsananta ba don haɗin ya canja ba. Saboda haka a riƙa auna kwalbar ruwan kowane keji kullum, a rubuta zafin ɗakin a gefe, a kuma duba bakin kwalbar ko yana ɗiga.

Kowace safiya a auna nauyin ɓera, a ɗauki kashinsa a murza a kan farar takarda: na lafiyayye busasshe ne mai kamar ƙwayar shinkafa, na mai ciwo kuwa yana manne wa takardar, daga baya jini ya bayyana. Wanda ya rasa kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, ko ya takure gashinsa a tsaye, a kashe shi ta hanyar da kwamiti ya yarda da ita, kada a jira ranar ƙarshe.

Bayan an gama, a ciro babban hanji a auna tsawonsa, domin kumburi yana gajarta shi, sannan a nannaɗe shi a tsoma a fomalin, sinadarin adana nama, mai kashi 10 cikin ɗari. Wanda zai duba siraran yankan hanjin a madubin likita bai kamata ya san rukunin da kowane ya fito ba. A wajen rubuta sakamako kuma a fayyace cewa DSS yana lalata bangon hanji ne kai tsaye, har a jikin ɓerayen da ba su da ƙwayoyin garkuwa na T da B, don haka maganin da ya yi aiki a nan sai an sake gwada shi kafin a ce zai amfani kare.