Yadda Ake Tafiyar da Safiyar Aji Ɗaya: Karatu, Rubutu da Ƙidaya

A jadawali darasi ɗaya yakan ɗauki minti 30 ko 35, amma yaro ɗan shekara shida da aka zaunar yana sauraro kawai ba ya kai ƙarshen wannan lokacin da hankalinsa. Bayan kamar minti goma sai a ga ana wasa da fensir, ana leƙen taga, ana zungurin na kusa. Maganin wannan shi ne a kasa kowane darasi gida uku ko huɗu, kowane kashi minti 8 zuwa 10, kuma a kowane kashi kowane yaro ya yi wani abu da bakinsa ko da hannunsa wanda malami zai iya gani da ido. Tambayar "Kun gane?" ba ta da wani amfani a wannan aji. Yara za su amsa "Eee!" da ƙarfi, har da wanda bai ji abin da aka ce ba.

Kafin a buga ƙararrawa

Kayan aikin ba su da yawa. Kowane yaro yana buƙatar ƙaramin allon hannu, guntun alli da ɗan tsumman gogewa. Malami yana buƙatar katunan haruffa da aka yanka daga kwali, kowanne kamar girman tafin hannun babba, an rubuta harafi ɗaya da baƙin tawada mai kauri. Don ƙidaya, a tanadi marfin kwalba 20 ga kowane yara biyu, da tsinke 100 ga kowane benci, tare da zare ko roba na ɗaurewa. A zuba kayan kowane benci cikin gwangwani ɗaya, a naɗa yaro guda a kowane layi ya riƙa rabawa da tattarawa. Idan malami ne ke bi benci-benci yana rabo da kansa, minti biyar sun tafi kafin a fara komai, kuma a cikin waɗannan mintoci ne aji ke rikicewa.

Rubutun babban allo ya kai tsayin santimita 7 ko 8. Bayan an rubuta, malami ya taka zuwa bencin ƙarshe ya duba, ya kuma duba daga gefen da hasken taga ke dukan allo, domin akwai wurin zaman da ba a ganin komai sai ƙyalli. Yaron da ke matse ido, ko mai karkata kai in ana magana, ko wanda sai an kira shi sau biyu yake waiwayowa, a dawo da shi gaba. Bahago kuwa ya zauna a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta abokin zamansa, kuma kada a tilasta masa komawa hannun dama.

Kiran suna ma ana iya mayar da shi karatu. A rubuta sunan kowane yaro a kati, a baza a kan tebur kusa da ƙofa. Duk wanda ya shigo ya nemo nasa ya jefa a kwando. Katunan da suka rage su ne waɗanda ba su zo ba, kuma cikin mako biyu yawancin yara za su gane harafin farko na sunansu ba tare da an ware darasi don haka ba.

Sai alamar yin shiru. A zaɓi guda ɗaya, misali malami ya tafa sau uku, yara su maimaita su ɗora hannu a kan benci. A yi atisayenta sau da yawa a makon farko har ta zauna. Malamin da ya saba ɗaga murya don a yi shiru, kullum sai ya ƙara ɗagawa.

Haruffa da gaɓoɓi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da rera abacada daga farko zuwa ƙarshe. Yara suna haddace waƙar cikin 'yan kwanaki, amma a nuna musu harafi ɗaya a tsakiya a ce mene ne wannan, sai su koma farko suna rerawa har su iso wurin. Abin da ake so yaro ya riƙe shi ne sautin da harafi ke wakilta, domin da sauti ake haɗa kalma.

A fara da kunne kafin ido. Malami ya faɗi kalmomi uku, biyu masu farawa da sauti ɗaya: mota, mutum, kujera. Wace ce ta fita daban? Ko kuma a tafa gaɓoɓin suna: ma-ka-ran-ta, tafi huɗu. Minti biyar sun isa.

Daga nan sai sabon harafi, kuma biyu zuwa uku a mako sun wadatar a farkon zango. Ba dole a bi jerin abacada ba. Gara a zaɓi waɗanda za su ba da kalmomi da wuri. Da a, m, k da n kaɗai yaro zai karanta mama, kaka, kama, mana, nan. A ƙara i, u da s, sai ga ina, suna, sama. Hausa ta sauƙaƙa wannan aiki domin wasulanta biyar ne, kuma yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, shi ya sa yaron da ya kama dabarar haɗa m da a su ba da ma yake saurin kama sauran.

Tsarin koyarwar matakai uku ne. Malami ya ɗaga kati ya furta sautin shi kaɗai sau biyu ko uku, yara suna kallon bakinsa. Sannan a furta tare. Sannan yara su yi da kansu: layi-layi, biyu-biyu, daga ƙarshe ɗaya-ɗaya. Mataki na ukun ne aka fi tsallakewa, alhali a nan ne ake gane gaskiya. A amsar taro, yara biyar ko shida ne ke ja, sauran suna bin bakinsu da ɗan jinkirin da kunne ba ya kamawa.

Wajen haɗa gaɓa, a riƙe katin baƙi a hannu ɗaya, na wasali a ɗayan, a riƙa matso da su a hankali ana jan sautin har su haɗu. A lura da gefen da aka tsaya: malamin da ke fuskantar aji, baƙin ya kasance a hannunsa na dama domin yara su gan shi a hagunsu. In aka juya, an koya musu karatu daga dama. Kuma a riƙa hargitsa jerin. Yaron da ya saba da ma, me, mi, mo, mu a jere zai faɗe su ido rufe. A nuna masa mo, sannan mi, sannan ma, a ga ko karantawa yake yi.

Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, kada a kawo su rana ɗaya da 'yan uwansu marasa ƙugiya. Sai b, d da k sun zauna, sannan a shigo da su ta kalmomin da ƙugiyar ke sauya wa ma'ana: kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bata da ɓata. Yara suna jin bambancin a bakinsu tun kafin su shigo makaranta, aikin malami shi ne ya nuna musu inda yake a rubuce. Tagwayen baƙaƙe irin sh, ts, ky da gw su zo daga baya, kowanne a kati guda, don yaro ya ɗauke su sauti ɗaya.

In an yi tambaya, a jira. Mary Budd Rowe, wata mai binciken ilimi a Amurka, ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani yaro, kuma in aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku amsoshi sukan ƙara tsawo, yaran da ke amsawa su ƙara yawa. A yi tambayar tukuna, a ƙirga uku a zuci, sannan a kira suna. In aka fara kiran suna, sauran sun huta da tunani.

Rubutu

Kafin harafi akwai layi: tsaye, kwance, karkatacce, da'ira da rabin da'ira. A yi su a iska da yatsa, sannan a allon hannu, sannan a littafi. Fensir a riƙe shi da babban yatsa da manuni, ya kwanta a kan na tsakiya, kamar santimita 2 daga bakinsa. Guntun alli ko gajeren fensir ya fi dogo gyara riƙo, domin ba ya barin wurin dunƙule hannu.

Juya b ta zama d abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, ba alamar daƙiƙanci ba ne. Yaro ya taso yana ganin kofi kofi ne ko ta ina aka juya hannunsa, yanzu kuma an ce masa juyawa na sauya suna. Abin da ke taimakawa shi ne kowane harafi ya sami wurin farawa da kalmomin da ake faɗa ana rubuta shi: b sanda ce ta sauko sannan ciki a gaba, d kuwa da'ira ake fara yi sannan sanda. A raba koyar da su da aƙalla mako biyu.

A rufe da shifta ta minti biyar: gaɓa uku, kalma biyu. Kowa ya rubuta a allon hannu, ya kife, sai an ce "A ɗaga!" a ɗaga tare. Da kallo ɗaya malami ya san wa ya iya, wa ya juya harafi, wa bai rubuta komai ba. Kwafe shafi guda daga babban allo ba ya nuna wannan, domin yaro na iya zana kalma tsaf bai san me ta ce ba.

Kowace rana kuma a karanta musu ɗan gajeren labari da murya, a tsaya a tsakiya a tambaye su me suke jin zai faru, a ƙarshe biyu-biyu su ba juna labarin da bakinsu.

Ƙidaya bayan an dawo daga hutun tara

Yaron da ke rera ɗaya zuwa hamsin ba lalle ne ya iya ƙirga abu bakwai ba. A zuba masa marfi bakwai a gani. Wani zai taɓa ɗaya sau biyu, wani bakinsa ya riga yatsansa. Dokar ita ce taɓawa ɗaya, lamba ɗaya, kuma a riƙa ture wanda aka ƙirga gefe. In ya gama a tambaye shi, "To, nawa ne?" Idan ya sake farawa daga ɗaya, bai riga ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce adadin duka ba. Akwai kuma gwajin da Jean Piaget, wani masanin tunanin yara ɗan ƙasar Switzerland, ya shahara da shi: a jera marfi shida-shida layi biyu, yaro ya yarda daidai suke, sannan a wawware layi ɗaya a gabansa. Da yawa a wannan shekaru za su ce mai tsawon ya fi yawa. Faɗa ba ya gyara wannan, sai yawan ƙirgawa da haɗa su ɗaya da ɗaya.

Kowane sabon abu a lissafi ya bi hawa uku, kamar yadda Jerome Bruner, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya tsara a shekarun 1960: abin taɓawa, sannan zane, sannan lamba. Uku a tara da biyu, a fara da marfi uku da marfi biyu a haɗe su, sannan a zana da'irori, sai a ƙarshe a rubuta 3 + 2 = 5. Haka ɗebewa. A ba da lokaci sosai ga lambobin da ke haɗuwa su ba da goma, 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, har yaro ya daina ƙirga su da yatsa, domin a kansu lissafin aji biyu zai hau.

In an wuce goma sai a ɗauko tsinke. Duk goma a ɗaure. Sha uku ɗauri ɗaya ne da tsinke uku, talatin ɗauri uku ne ba ko tsinke, kuma a nan ne sifili ke samun ma'ana. Za a ga yaran da ke rubuta goma sha biyu 102, saboda sun ji goma sun rubuta 10, sun ji biyu sun ƙara 2. A yanka kati mai 10 da ƙaramin kati mai 2, a ɗora ƙaramin a kan sifilin, yaro ya ɗaga ya ga goman tana nan a ƙasa. Mai rikita 12 da 21 kuma a sa shi ya haɗa kowacce da tsinke ya faɗi wadda ta fi yawa.

Sanin inda kowa ya tsaya

Ba sai an jira jarrabawar ƙarshen zango ba. Kowace rana, yayin da aji ke rubutu, a kira yara biyar ɗaya bayan ɗaya, kowanne minti guda: ya karanta haruffa goma a hargitse, gaɓa biyar, kalma uku. A ajin yara 50, cikin mako biyu an zagaya kowa. A rubuta abin da ya gagare shi a gaban sunansa, harafin kansa, ba maki kawai ba. Da wannan ake kasa aji rukuni uku na minti 15 a ƙarshen safiya: masu koyon haruffa, masu haɗa gaɓa, masu karanta kalma. Irin wannan rabo bisa matakin da yaro ya kai shi ne ginshiƙin tsarin da ƙungiyar Pratham ta yaɗa a Indiya. Malami ya zauna da rukunin farko, sauran biyun a ba su katuna su yi aiki biyu-biyu, kuma a sake rabon duk bayan mako biyu don kada yaro ya dawwama a wuri ɗaya.

Yaron da ya yi mako shida bai motsa ba, a fara duba rajista a ga kwana nawa ya yi fashi. In zuwansa daidai ne, a tsaya a bayansa a faɗi kalma a hankali a ce ya maimaita, sannan a nuna masa kati daga nesa, ido ɗaya a rufe, sannan ɗayan. Idan ɗaya daga cikin biyun ya ba da shakka, a sanar da iyayensa su kai shi a duba masa kunne ko ido, kafin nan kuma ya zauna a bencin gaba ta gefen da ya fi ji ko gani.