Yadda Ake Shawo Kan Ƙwannafi Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Kafin komai, ka san irin aikin da aka yi maka. Idan silib ne, wato an yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi an bar shi siriri kamar bututu, to ƙwannafi ba abin mamaki ba ne, domin wurin a matse yake, duk abin da ya yi masa yawa sama zai koma. Baifas kuwa, wato a ware ɗan ƙaramin sashe na tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, yawanci rage ƙwannafi take yi. Wanda aka yi wa ita, idan zafin ƙirji ya dame shi, ya koma wurin likita da wuri, don yana iya zama gyambo ne a bakin ɗinki.

Mataki na farko shi ne raba ci da sha, kuma a nan na ga yawancin masu sabuwar tiyata suna faɗuwa. Mutum ya saba tun yana yaro ya kora loma da ruwa, hannunsa kan kai ga kofi bai ma sani ba. Ka daina shan ruwa minti 30 kafin ka ci, kada ka koma masa sai bayan minti 30 da gamawa. Ni a wurina, kofin ma kada ya zauna kusa da kai. Ka yi loma ƙanana, ka tauna har ta narke, ka ajiye cokali tsakanin loma da loma, cin ya ɗauke ka minti 20 zuwa 30. Da ka ji nauyi a ƙasan ƙirji, ko gyatsa, ko shaƙuwa, ka tsaya nan take. Wannan lomar ta ƙarshe da ake cewa "bari in ƙarasa, kada ta lalace", ita ce take hana mutane barci. Gara a zubar da ita.

Sai kwanciya. A bar awa 3 tsakanin cin dare da gado. A ɗaga gadon ta wajen kai da santimita 15 zuwa 20, a kwanta ta ɓangaren hagu. Tara matasan kai ba ya yi, lanƙwasa ciki yake yi ya ƙara matsi. Ba dole sai ka kashe kuɗi a kan katifa ta musamman ba, katako biyu a ƙarƙashin ƙafafun gado sun wadatar.

Maganin rage tsamin ciki, irin su omeprazole ko pantoprazole, ana shan sa minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, kullum. Masu jira sai zafi ya taso su sha, su ne ke cewa ba ya aiki. Kada ka yanke shi lokaci ɗaya ba da sanin likita ba, don zafin kan dawo da ƙarfi. Idan ka daɗe a kansa, a riƙa duba maka bitamin B12 da sinadarin ƙarfe a jini.

Ibuprofen da diclofenac, a rabu da su. Haka taba, lemo mai gas, kofi, barkono da abinci mai maiƙo.

Idan duk da haka abin bai lafa ba, ka nemi a leƙa cikin da na'urar endoskopi. Wani lokaci tumbin ne ya zame sama ta ƙofar ƙirji, wani kuma sai an mayar masa da silib zuwa baifas. Wahalar haɗiya, amai mai maimaituwa, jini a amai ko baƙin bayan gida, waɗannan a ranar ake zuwa asibiti.