Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa keken fiksi da mai giya ɗaya

Keke mai giya ɗaya ba baƙo ba ne a wajenmu. Raleigh ɗin da kakanninmu suka ci kasuwanni da shi, da Phoenix ɗin da har gobe ake loda wa jarkokin ruwa da buhunan hatsi, duk giya ɗaya gare su. Sai dai suna da firiwil a tayar baya, shi ya sa kake iya tsayar da ƙafarka keke yana ta gudu. Fiksi ba shi da wannan. Ƙaramin farantin haƙoran baya a ɗaure yake tam da hob, wato cibiyar taya, don haka muddin taya na juyawa, feda ma sai ta juya. Asalinsa keken tsere ne na filin zagaye, daga baya masu kai saƙo a manyan birane irin su Niyok suka fito da shi titi, ya bazu a duniya. Yawancin ɓarnar da ake yi wajen mayar da tsohon keke ɗaya daga cikin biyun nan, daga rashin bambanta su take fitowa. Abin da mai firiwil zai yafe maka, fiksi ba ya yafewa.

Mafi muni shi ne na hob, kuma a kansa zan fi daɗewa. Hob ɗin fiksi na gaskiya zare biyu gare shi, hawa-hawa. Na ciki mai faɗi, a kansa ake murza farantin haƙora ta hannun dama kamar kowane noti. Na waje ya ɗan fi shi ƙanƙanta, kuma zarensa na hagu ne, a kansa ake ɗaura zoben kulle. Hikimar ita ce idan ka danne feda baya don rage gudu, faranti yana son kwancewa, amma kwancewar tasa ƙara ɗaure zoben take yi. Hob ɗin keken da muka saba zare ɗaya ne kawai. Farantin fiksi zai hau kansa lafiya lau domin zaren iri ɗaya ne da na firiwil, kuma nan tarkon yake. Wani sai ya murza faranti ya ɗora wani zobe mai zaren dama a kai, wani kuma ya kai firiwil wajen mai walda a liƙe shi ya daina sakin baya. Duka biyun za su yi tafiya har kwana da kwanaki. Ranar da ka danne baya da ƙarfi saboda mai babur ya shigo gabanka, ranar ce faranti zai warware, feda ta riƙa juyawa a banza, keke na tafiya da kai. Araha ba ta ado. Gyaran shi ne ka nemi tayar baya mai hob ɗin fiksi, ko a saƙa maka sabuwar taya a kansa. Akwai hob mai fuska biyu, gefe ɗaya fiksi, ɗaya firiwil, sai dai ka juya taya, kuma shi nake ba mai farawa shawara ya saya. In kuɗin bai samu ba, ka bar keken a mai giya ɗaya da firiwil ɗinsa, ba abin kunya ba ne.

Ko da hob ɗin ƙwarai, ɗaurin ma da ƙa'idarsa. A shafa giris a zaren, a ɗaure faranti da ƙarfi tukuna, sannan zobe. Ka hau ka taka gaba da ƙarfi na ɗan lokaci ba tare da danne baya ba, ka sauka ka ƙara ɗaure zoben, domin takun yana ƙara shigar da faranti ya bar ɗan gibi. Wanda ya tsallake wannan zai riƙa jin feda tana ɗan zamewa gaba da baya, kuma zamewar nan ce ke cinye zaren hob ɗin alminiyom.

Sai birki. Hotunan intanet sun sa matasa suna ganin fiksi bai cika ba sai an cire birki duka. Ƙafa tayar baya kaɗai take riƙewa, alhali idan aka zo tsayawar gaggawa nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ce ke yin yawancin aikin. Kuma ranar da sarƙa ta tsinke ko ta sauka, marar birki ba shi da komai a hannunsa. A Birtaniya doka ta wajabta birkin gaba a kan fiksi. A 2016 wani matashi a Landan da ke kan keken tsere marar birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu, a 2017 kotu ta yanke masa ɗaurin wata 18. Fiksi ya kasance da birkin gaba aƙalla. Mai giya ɗaya da firiwil kuwa biyu yake buƙata, gaba da baya, tunda shi ƙafa ba ta tsayar da shi ko kaɗan. Na ga ana cire masa na baya don ya yi kama da fiksi, wannan ganganci ne.

Kafin ka sayi keken gwanjo da nufin juya shi, ka duƙa ka dubi tsagar da sandar tayar baya ke zama a ciki. Idan doguwa ce a kwance, kamar ta tsofaffin kekunan tsere na ƙarfe ko ta Phoenix mai buɗewa ta baya, za ka iya jan taya gaba ko baya ka daidaita sarƙa. Idan gajeriya ce a tsaye, kamar ta yawancin kekuna masu giya na zamani, babu wurin ja. Mai firiwil zai iya sa ɗan hannun nan mai sifirin da ke danne sarƙa ya huta. A fiksi ba ya aiki, domin da ka danne baya sarƙar ƙasa za ta miƙe ta lanƙwashe shi ko ta karya shi. Wani lokaci ana dacewa da rabin gaɓar sarƙa ko canjin yawan haƙora, amma sarƙa na tsufa tana saki, sai aikin ya dawo sabo. Neman firam mai doguwar tsaga ya fi sauƙi. A kula da faɗin baya kuma: hob ɗin fiksi yawanci milimita 120 ne, kekunan titi 126 ko 130, na daji 135, sai an cike gibin da washa, wato siraran zobban ƙarfe, a ɓangarori biyu daidai wa daida.

Jan sarƙa kansa mutane kashi biyu ne a kuskure. Masu barinta tana reto kamar ta keken ɗiban ruwa, da masu janta har ta yi ƙara. Mai reto takan sauka, kuma a fiksi tana iya naɗewa ta cije taya a tsakiyar gudu. Mai tsauri tana cin boris da haƙora, ga nauyin taku. Farantin gaba ba ya taɓa zama da'ira cif, saboda haka ka juya feda a hankali ka nemo inda sarƙa ta fi tsauri, a nan za ka daidaita ta yadda tsakiyarta ke motsawa sama da ƙasa kamar santimita 1. Ka ɗaure notocin taya da sufana sosai, kaɗan-kaɗan daga kowane gefe don kada taya ta karkace.

Ka tsaya a bayan keke ka hango sarƙar. Ya kamata ta miƙe sak daga farantin gaba zuwa na baya. A kekunan fiksi layin yakan faɗo kusan milimita 42 daga tsakiyar firam. In ta karkace, a mayar da farantin gaba ɓangaren ciki ko a canza sandar feda zuwa gajeriya. Wanda ya cire faranti ɗaya daga cikin biyun da ke gaba zai tarar da notocin sun yi tsawo, sai ya nemi gajeru. Faɗin sarƙa ma iri biyu ne, 1/8 da 3/32 na inci. Mai faɗin tana hawa siririn haƙori, siririyar ba ta hawa mai kauri.

Girman giya kuma nan ne son nuna ƙarfi ke shiga. Mutum ya bar faranti mai haƙora 52 na tsohon keken tsere ya haɗa da 14 a baya, zagayen feda ɗaya taya ta juya kusan sau 4. Tashi wahala, tsayawa wahala, gwiwa ce ke biyan kuɗin. A shimfiɗaɗɗen gari irin Kano ko Maraɗi, 46 da 17 ko 44 da 16 sun wadatar, mai hawan tudun Jos kuwa ya sauko wajen 42 da 17. Ga masu son jan taya a ƙasa don tsayawa, akwai lissafin da ke ceton kuɗi: 48 da 16 na sa taya ta riƙa gogar ƙasa a wuri ɗaya tak har ta huje, amma 48 da 17 na rarraba gogar a wurare 17.

A wajen hawa, kuskuren farko kowa ya san shi: ka manta ka tsayar da ƙafa, feda ta cilla ka sama. Sabo ne maganinsa, kuma a fili marar motoci ake samunsa. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne hawa ba tare da maɗaurin ƙafa ba. A gangara feda na gudu sosai, ƙafa ta zame ba ta komawa, sai dai feda ta bugi ƙwauri. A sa maɗauri, a koyi zura ƙafa da zare ta tun a hankali. A kwana ma ba ka da ikon ɗaga fedar ciki, don haka doguwar ƙafar feda mai milimita 175 tana iya taɓa ƙasa ta ɗaga tayar baya. Mai 165 ta fi dacewa, tare da rage gudu kafin kwanar. Bakin wando da gefen doguwar riga da igiyar takalmi a naɗe su, domin abin da sarƙar fiksi ta kama ba ta saki har sai keke ya tsaya.

Haka take yi da yatsa. Kada ka goge sarƙa da tsumma taya na juyawa, nauyin tayar ya isa ya ja yatsa cikin haƙora ya guntule shi, kuma ka hana yara wasa da feda idan an kifa keken. A tsayar da taya, a goge wuri ɗaya, a matsa gaba. Baƙin man inji da ake yawan zubawa yana kama ƙurar hunturu ya zama abin da ke cin ƙarfe, gara mai marar kauri kaɗan, a share ragowar. Duk mako ka taɓa zoben kulle da notocin taya da jan sarƙa, ka matse birkin gaba ka tura keken ka ji ko yana kamawa, sannan ka fita titi.