Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa aikatau da mafayyaci a Turanci

Yawancin masu koyon Turanci suna haddace aikatau daban, sannan su haddace ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna daban, wato irin su "a", "the", "some", "any", "each" da "many", waɗanda masana nahawu ke kira mafayyata. A cikin jimla kuwa, waɗannan biyun ba sa rabuwa. Wani lokaci mafayyaci ne yake nuna wa aikatau ko siffar tilo zai ɗauka ko ta jam'i, wani lokaci kuma aikatau ne yake zaɓar mafayyacin da zai biyo bayansa. Wanda bai lura da wannan dangantaka ba zai iya sanin kalmomi masu tarin yawa, amma ya riƙa asarar maki a jarrabawar WAEC ko NECO, ko kuma takardar neman aikinsa ta rage daraja a idon mai karantawa, saboda kalmar da ba ta wuce harafi ɗaya ko uku ba.

Kuskure na farko yana tattare da "each" da "every". Sau da yawa akan ji an ce "Every student have a pen", saboda mai magana yana hango ɗalibai da yawa a zuciyarsa. Daidai shi ne "Every student has a pen". A nan Hausa tana taimakawa ƙwarai, domin mu ma cewa muke yi "kowane ɗalibi yana da biro", ba mu cewa "suna da". Inda abin ya fi rikitarwa shi ne idan sunan jam'i ya shiga tsakani, kamar a "Each of the students has a pen". Kunne yakan ji "students" daf da aikatau, sai baki ya yi saurin furta "have", alhali kuwa aikatau yana bin "each" ne. Haka abin yake ga "one of". Mutane suna yin kuskure biyu a nan: wasu su ce "one of my friend", wasu kuma su ce "one of my friends live in Zaria". Sunan dole ya zama jam'i, tunda daga cikin mutane da yawa aka ware ɗaya, amma aikatau na wannan ɗayan ne, don haka "One of my friends lives in Zaria" shi ne daidai. A rubutu na hukuma, "either" da "neither" ma aikatau na tilo suke ɗauka, kamar a "Neither answer is correct".

Akwai kuma tagwayen da ke yawan fitowa a tambayoyin jarrabawa, wato "a number of" da "the number of". Na farko yana nufin "da dama", saboda haka jam'i yake ɗauka: "A number of traders have left". Na biyu yana magana ne a kan adadin kansa, wanda abu ɗaya ne: "The number of traders has increased". Mafayyaci kawai aka sauya, amma aikatau ya bi shi.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne sunayen da Turanci ba ya ƙirgawa, domin a nan ne tunanin Hausa yake jan hannun mai rubutu ba tare da ya sani ba. A Hausa muna da shawara da shawarwari, labari da labarai, bayani da bayanai, kuma muna iya cewa "kayan sun iso" ko "kuɗin sun ƙare". Turanci bai yarda da wannan lissafi ba. Kalmomin "advice", "information", "news", "furniture", "luggage", "equipment" da "money" ba sa karɓar "a" ko "an", ba a yi musu jam'i, kuma aikatau na tilo suke ɗauka. Saboda haka "He gave me an advice" kuskure ne, sai dai a ce "He gave me some advice", ko kuma "a piece of advice" idan ana son a nuna guda ɗaya ce. Haka nan "The news are bad" kuskure ne duk da harafin "s" da ke ƙarshen kalmar, daidai shi ne "The news is bad". Ana kuma cewa "The luggage has arrived" da "The money is not enough". A ganina wannan rukuni ya fi kowane muhimmanci, domin kalmomi ne da ake buƙata kullum a wasiƙar ofis da rahoto, kuma kuskuren yana da saurin bayyana.

Daga nan ne bambancin "much" da "many" ya samo asali. Ana amfani da "many" ga abin da ake ƙirgawa tare da aikatau na jam'i, kamar "Many people were waiting", ana kuma amfani da "much" ga abin da ba a ƙirgawa tare da aikatau na tilo, kamar "Not much time is left". Su kuwa "few" da "a few", bambancinsu a ma'ana yake. Wanda ya ce "I have a few friends" yana nufin yana da wasu abokai, ko da ba su da yawa, amma wanda ya ce "I have few friends" kuka yake yi da ƙarancinsu. Haka "little" da "a little" suke ga abin da ba a ƙirgawa.

Korewa da tambaya ma suna sauya mafayyaci. Ana cewa "I bought some rice", amma idan aka kore aikatau sai a ce "I did not buy any rice". Jimla irin "I don't have some money" tana yi wa mai harshen nauyi a kunne. A tambaya ta yau da kullum "any" ake sawa, kamar "Did you buy any rice?", sai dai idan tayi ake yi ko roƙo, inda "some" ya fi dacewa: "Would you like some tea?" A kuma guji tara korewa biyu a rubutu, irin "I don't have no money". Ko dai a ce "I don't have any money", ko a ce "I have no money".

Sai kuma inda babu wata ƙa'ida mai gamsarwa, wato aikatan da suka saba tafiya da wani mafayyaci na musamman. Hausa ba ta tilasta wa mai magana ya sa "wani" ko "wata" kafin suna, shi ya sa muke cewa "na yi kuskure", kuma shi ya sa ɗalibi yake rubuta "I made mistake". Turanci yana buƙatar "I made a mistake", kamar yadda yake buƙatar "take a seat", "have a bath", "catch a cold" da "ask a question". Amma ana cewa "have lunch" ba tare da komai ba, sai fa idan siffa ta shigo, a ce "have a good lunch". Ana cewa "tell a lie" amma "tell the truth". Ana cewa "play football" amma a Turancin Ingila "play the guitar". Wanda ya ce "She goes to school" yana nufin ɗaliba ce, wanda kuma ya ce "She went to the school" yana nufin ta je harabar makarantar, wataƙila don ta gana da malami. A Ingila marar lafiya yana "in hospital", a Amurka kuwa yana "in the hospital", kuma dukansu daidai ne muddin mai rubutu ya tsaya a kan tsari ɗaya.

Sana'a ma tana buƙatar mafayyaci bayan aikatau: "She is a teacher", "He became an engineer". Hausawan Nijar da suka fara da Faransanci suna da ƙarin aiki a nan, domin Faransanci yana barin sunan sana'a haka nan a irin wannan jimla, sannan yana sa mafayyaci a inda Turanci ba ya sawa. Shi ya sa sukan ce "I like the tea" alhali shayi gaba ɗaya suke nufi, wanda daidansa shi ne "I like tea".

Gyaran yana farawa ne daga yadda ake rubuta sababbin kalmomi a littafi. Kada a rubuta "mistake" ita kaɗai, a rubuta "make a mistake" gaba ɗaya, haka kuma "give some advice" da "tell the truth". Idan an duba suna a ƙamus, a lura da alamar C ko U da ƙamusoshin masu koyo irin na Oxford da Longman suke sawa, domin ita ce ke nuna ko ana ƙirga sunan ko ba a ƙirgawa. Bayan an gama rubutu kuma, a sake bin sa jimla bayan jimla, a ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, a nemo ainihin kalmar da yake bi, musamman a jimlolin da "of" ya shiga tsakani, sannan a duba kowane sunan tilo da ake ƙirgawa a tabbatar akwai mafayyaci kafinsa.