Yadda ake wanke tiyon numfashin injin tsohon babur

In tsohon babur irin Honda CG125 ya fara zufar baƙin mai ta gaskit (shimfiɗar da ke toshe mahaɗar sassan inji), kada ka yi saurin ɗora wa gaskit laifi. Duk saukowar fistin sai ya matse iskar da ke ƙasan inji, ga kuma hayaƙin da ke sulalewa ta gefen ringi, wato zoben da ke jikin fistin. Ta wani tiyo, wato tiyon numfashi, iskar take fita. In ya toshe, sai ta tunkuɗo mai ta duk inda ta sami kafa.

1. Kafe babur, ka bari inji ya huce.

2. Nemo baƙin tiyon da ya fito daga akwatin inji, bayan silinda. Zare shi.

3. Leƙa cikinsa. A Zariya ƙurar hunturu ce ke cakuɗuwa da mai ta daskare kamar kwalta. Babur ɗin da ya daɗe a zaure kuwa, har zanzaro kan yi gini a bakin tiyon. Wanke da kananzir, ka hura har iska ta wuce. In ya tsage, sayo wani a Sabon Gari. Masu cusa masa ƙusa don mai ya daina ɗiga, ɓarna suke ƙarawa.

4. Mayar da shi, kada ya lanƙwashe ko ya taɓa salansa.

5. Tada inji, ka kara yatsa a bakin tiyon. Bugun iska kaɗan-kaɗan lafiya ne. Feshin mai da hayaƙi da yawa, ko dai ringi ya cinye ko mai ya haura layin sama na sandar awon mai. Farar dauɗa mai yauƙi danshi ne ya shiga: juye man, wanke rariyarsa, ka zuba sabo.