Yadda ake amfani da dusar citta wajen jinkirta lalacewar man gyaɗa

Duk wanda ya leƙa bayan gidan masu haɗa lemon citta da zoɓo a Tudun Wada ko Kawo zai ga tulin dusar da aka tace aka watsar. Tun da cutar nan ta 2023 ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna, su Kachia da Jaba da Kagarko, kowa ya san tsadarta. Amma har yanzu ana zubar da mafi amfaninta a bola. Sinadarin da ke sa citta yaji, wato jinjarol, ba ya narkewa sosai a ruwa, a mai yake narkewa. Ke nan ruwan lemo kaɗan yake kwashewa, sauran yana nan cikin dusar.

Aikin jinjarol a mai kuwa shi ne rage ɓarnar iskar oksijin. Ita ce ke shiga man gyaɗa a hankali har ya soma maƙaƙi, ƙuli-ƙuli da dambun nama su ɗauki warin tsohon mai. Manyan masana'antu suna zuba sinadarai irin su BHT don wannan. Mai ƙaramar sana'a na iya samun wani abu makamancin haka daga abin da maƙwabciyarta ke zubarwa.

Da farko a karɓo dusar ranar da aka tace ta, kuma wadda ba a haɗa da sukari ba. Wadda ta kwana a leda ta yi tsami, a bar ta. In an ga ɗigon fumfuna ko kaɗan, a zubar da ita gaba ɗaya, kada a ce za a tsince wurin.

Sai shanya, kuma nan ne yawanci ake ɓata aikin. A matse ruwan da tsumma mai tsabta, a baza ta siriri a faranti ko tabarma a inuwa mai iska, sama da ƙasa, nesa da kaji. Rana tsaka tana kwashe ƙanshin. Lokacin hunturu kwana biyu zuwa uku sun isa, sai dai a rufe da yadi marar kauri saboda ƙura. A watan Agusta kuwa, da ruwan Kaduna ba ya ɗaukewa, shanya a fili wahalar banza ce. Gara tanda mai ɗumi-ɗumi, kada zafin ya wuce digiri 60. Alamar ta bushe: a murza ta tsakanin yatsu ta karye ƙaras. In tana lanƙwashewa, da saura. Kada a yi wasa da wannan, domin ɗanyen abu in ya kwanta a ƙarƙashin mai inda babu iska, akwai ƙwayar cutar da ke iya tsira a ciki, gubarta kuma tana kisa ba tare da man ya canza wari ba.

A daka ta, a tankaɗe.

Yanzu jiƙo. A zuba awo ɗaya na garin cikin awo goma na sabon man gyaɗa a kwalba ko kwanon silba busasshe. A saka kwanon cikin tukunyar ruwan zafi wanda bai tafasa ba, a bar shi kamar awa biyu ana juyawa lokaci-lokaci. Ba a ɗora man kai tsaye a wuta. Soya shi zai fara ɓata man da ake son karewa. A ɗakunan bincike da barasar etanol suke tatsar sinadarin, ta fi jan shi da yawa, amma a gida ba mu da buƙatarta, balle mai saye ya tsaya yana tambayar halacci.

Idan ya huce, a tace da yadi ninki biyu, a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama cikin kwalba mai duhu, a toshe da kyau. Haske ma yana lalata mai, shi ya sa jera galan-galan a rana bakin titi ke ba ni takaici.

Daga wannan jiƙon ake ɗiba. A fara da cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya. In an zarce, yajin zai fito, ko da yake a ƙuli-ƙuli da dambu wannan ba aibi ba ne.

Kafin a zuba a duk hajar, a gwada. A cika ƙananan kwalabe biyu da mai ɗaya, guda da jiƙon, guda babu, a rubuta kwanan wata, a ajiye su wuri ɗaya, a riƙa shinshinawa duk mako. Ƙarfin dusa ya bambanta daga mai lemo zuwa mai lemo, hanci ne zai nuna ko a ƙara ko a rage.

Jiƙon nan jinkirta maƙaƙi kawai yake yi, ba ya gyara man da ya riga ya ɓaci, ba ya kuma maye gurbin tsabta. Mai shirin ƙulla kaya da tambari ya kai shaguna, sai ya rubuta citta cikin jerin kayan haɗi lokacin neman rajistar NAFDAC.